Kamun ƙafa a sama: gardamar Kiristoci kan roƙon waliyyai

A watan Yulin 1505, hadari ya rutsa da wani ɗalibin shari'a mai shekara 21 a kan hanyarsa ta komawa Erfurt, kusa da ƙauyen Stotternheim a ƙasar Jamus. Aradu ta faɗi dab da shi. A irin wannan lokaci mutum ba ya zaɓen magana, abin da ya daɗe kwance a zuciya shi ke fitowa. Saurayin nan bai kira Allah ba, bai kira Yesu ba. Waliyiya Anna ya kira, wadda al'adar ikilisiya ta ce ita ta haifi Maryamu, ko da yake Littafi Mai Tsarki bai ambaci sunan mahaifiyar Maryamu ba. Ya ce ta taimake shi, in ya tsira zai shiga gidan zuhudu. Ya tsira, kuma bayan mako biyu ya cika alkawari. Sunansa Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci rabuwar Furotestan da Katolika. Shi ne dai wanda, a 1537, ya rubuta cewa roƙon waliyyai ba shi da umarni kuma ba shi da misali a cikin Nassi, har ya lissafa shi cikin ɓarnar magabcin Almasihu.

Tsakanin wancan ihu da wannan rubutu gardamar take, kuma har yau ba ta lafa ba. Katolika da Otodoks, waɗanda in aka haɗa su sun haura rabin Kiristocin duniya, suna roƙon Maryamu da waliyyai, haka ma tsofaffin ikilisiyoyin Masar da Habasha. Mafi yawan Furotestan suna ganin kuskure ne, wasunsu ma ba sa jin nauyin cewa bautar gumaka ce aka sake wa riga.

Rikicin farko daga harshe yake. In aka ce "addu'ar matattu", abubuwa daban-daban aka dunƙule a wuri ɗaya, shi ya sa sau da yawa wani yana dukan wannan, abokin gardamarsa yana kare wancan. Kiran matacce a tambaye shi gaibu daban. Yi wa matacce addu'a, wato roƙon Allah ya ji ƙansa, shi ma daban. Sannan ga roƙon wanda ya mutu cikin bangaskiya ya sa ka a addu'arsa.

Na farkon babu mai kare shi. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta sa mai tuntuɓar matattu a layi ɗaya da boka da mai duba. Sarki Saul ya ɓad da kama, ya tafi da dare wurin wata mata a Endor don ta tasar masa da annabi Sama'ila, bayan shi da kansa ya kori masu wannan sana'a daga ƙasar, kuma abin da ya samo shi ne labarin mutuwarsa washegari. Katikisim ɗin Katolika na 1992, wato littafin koyarwarsu, ya haramta kiran matattu da duk wani nau'in duba. Saboda haka wanda ya ɗauko labarin Endor ya jefi tsohuwar da ke cewa "Maryamu, ki yi mana addu'a", bai jefi inda ya nufa ba. Ita ba ta jiran murya daga kabari, ba ta neman a faɗa mata abin da zai faru gobe. Na biyun, wato yi wa mamaci addu'a, gardama ce mai zaman kanta da ta shafi abin da ke faruwa da rai bayan mutuwa, amma ko a can Allah ake fuskanta. Na ukun ne namu.

Ya kamata a fara jin hujjar masu yi daga bakinsu, a inda ta fi ƙarfi. Suna cewa: kai ma ai kana cewa ɗan'uwanka ya sa ka a addu'a, kuma ba ka taɓa jin ka ci amanar Almasihu ba. Bulus da kansa ya roƙi Kiristocin Roma su yi fama tare da shi cikin addu'a. Wasiƙar Yakubu ta ce addu'ar mai adalci tana da ƙarfi. To, in mai adalcin nan ya rasu, me ya sauya? Yesu ya gaya wa Sadukiyawa cewa Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu ba Allahn matattu ba ne, na masu rai ne. In jikin Almasihu ɗaya ne, mutuwa ba ta da wuƙar da za ta raba shi biyu. Sai su buɗe Ru'ya ta Yohanna 5:8, inda dattawa 24 ke riƙe da tasoshin zinariya cike da turare, aka ce turaren addu'o'in tsarkaka ne. Suna kuma da Makabiyawa ta biyu sura 15, inda Yahuza Makabi, jagoran yaƙin Yahudawa, ya ga babban firist Oniyas da annabi Irmiya a mafarki suna yi wa jama'a addu'a bayan sun mutu. Wannan littafin yana cikin littattafai 73 na Katolika, ba ya cikin 66 na Furotestan, don haka ɗayan ɓangaren ba ya karɓar shaidarsa.

Akwai wani abu ƙarami da wanda bai taɓa sauraron sujadarsu ba ba zai sani ba. A doguwar addu'ar da ake jero sunayen waliyyai, in an ambaci Uba, ko Ɗa, ko Ruhu Mai Tsarki, amshin jama'a shi ne "ka yi mana jinƙai". Da zarar an zo kan Maryamu, da Bitrus, da Bulus, sai amshin ya koma "ka yi mana addu'a". Da gangan aka tsara shi haka. Jinƙai na Allah ne, abin da ake nema a wurin waliyyi ya sa baki ne kawai. Tun ƙarshen ƙarni na 4 tarukan bishop-bishop na Arewacin Afirka suka kafa doka cewa a bagade, Uba ake fuskanta da addu'a. Taron Nikiya na biyu a 787 ya raba sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa bayinsa. A takarda dai iyakar a shate take.

Ayar da ɗaya ɓangaren ke fara zarowa ita ce 1 Timoti 2:5, cewa Allah ɗaya ne, matsakanci kuma ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Almasihu Yesu. Aya ce mai nauyi, amma ban ga tana yanke wannan shari'a ita kaɗai ba. Koma baya aya huɗu kawai, za ka tarar Bulus yana umartar a yi roƙo da addu'a da godo domin dukkan mutane. Wato a numfashi ɗaya ya ce matsakanci ɗaya ne, ya kuma ce ku roƙa wa juna. In roƙa wa wani yana rage wa Almasihu matsayi, to taron addu'a na kowace ikilisiya ya shiga uku. Majalisar Vatican ta biyu ma, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1964, wannan ayar ta kafa kafin ta yi magana a kan roƙon da Maryamu ke yi wa masu bi. Kowa ya yarda da ayar. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Tarihi ma bai ba kowa cikakken gaskiya ba. Wajen shekara ta 155 aka kashe Polikap, bishop ɗin Simirna, garin da ake kira Izmir yau a Turkiyya. Wasiƙar da ikilisiyarsa ta rubuta ta ce maƙiya sun nemi a hana su gawar, wai kada su bar wanda aka gicciye su koma bauta wa wannan. Amsarsu ta fito fili: Almasihu suke yi wa sujada domin shi Ɗan Allah ne, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi a matsayin almajiransa masu koyi da shi. Suka tattara ƙasusuwansa, suka ce sun fi duwatsu masu daraja, suka ƙudura za su riƙa taruwa a wurin kowace shekara. Girmamawa ta bayyana sosai, amma a duk wasiƙar babu inda aka roƙi Polikap wani abu.

Bayan kimanin shekara 100 hoton ya sauya. A ƙarƙashin cocin San Sebastiano, a kan tsohuwar hanyar Appia a Roma, akwai bangon da masu ziyara suka karce da ɗaruruwan gajerun rubuce-rubuce tun wajen 260. Ɗaya daga ciki yana cewa Bulus da Bitrus su roƙa wa wani mai suna Victor. Daga Masar kuma an samu wata 'yar guntuwar takarda, tana ɗakin karatu na John Rylands a Manchester yanzu, ɗauke da addu'ar neman mafaka a wurin Maryamu. Wasu masana sun ce ta ƙarni na 3 ce, wasu sun ce sai bayan haka da daɗewa aka rubuta ta. Abin lura a nan shi ne, ba daga kan mumbari abin ya sauko ba. Daga bakin kabari ya taso, daga talakawan da suka ga an kashe malaminsu jiya, suka kasa yarda cewa wanda ke musu addu'a shekaranjiya ya daina yau. Malaman tauhidi daga baya suka biyo da bayani.

Da aka daina tsananta wa ikilisiya a 313, jama'a suka kwararo ciki da kayansu. A duniyar Romawa, talaka ba ya tunkarar hukuma da kansa. Yana da uban gida, wanda yake sammako ya gaishe shi, shi kuma ya tsaya masa a kotu, ya shigar da kukansa inda ƙafarsa ba ta kaiwa. Kalmar da suke kiran wannan uban gida da ita a Latin, ita aka ɗora wa waliyyai, kuma har yau da ita ake cewa waliyyi kaza ne majiɓincin gari kaza ko sana'a kaza. Ba kowa ya yi shiru ba. Wani firist daga yankin Faransa ta yau, Vigilantius, ya soki sumbatar ƙasusuwa da kunna kyandir da rana tsaka a kaburburan shahidai. A 406 Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya mayar masa da martani daga Baitalami, da zagi fiye da hujja, amma hujjar da ke ciki ita ce ta rayu: in manzanni da shahidai sun iya roƙa wa wasu tun suna fama da nasu jikin, ina ga bayan sun ci nasara?

Amsar Jerom tana da daɗin ji, sai dai ta tsallake wani rami. A ce waliyyai suna addu'a a sama. Wannan bai nuna suna jin ka ba. A ganina nan ne ainihin gardamar, kuma wanda ya fi kowa faɗin gaskiya a kanta ba ɗan Furotestan ba ne, Agustin ne, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau. Wajen 421 abokinsa Paulinus na Nola ya tambaye shi ko binne mutum kusa da kabarin shahidi yana amfanar mamacin. A cikin amsar, Agustin ya kawo zancen mahaifiyarsa Monika, wadda ta rasu a Ostia tun 387. Ya ce da rayukan matattu suna shiga harkokin masu rai, da babu daren da ba za ta zo masa ba, matar da ta bi shi ta ƙasa da ta teku don kada su rabu. Ya ce ba zai yarda jin daɗin can ya mayar da ita marar tausayi ba. Sai ya jingina da Ishaya 63:16, inda jama'a ke ce wa Allah shi ne Ubansu, ko da Ibrahim bai san su ba. Duk da haka bai musa cewa ana samun taimako ta wurin shahidai ba. Yadda abin ke faruwa ne, ko su da kansu, ko ta hannun mala'iku, ya ce ya fi ƙarfin fahimtarsa. Mutum ne mai kewar uwarsa, shekara 30 da ɗoriya bayan rasuwarta, kuma bai bar kewar ta rubuta masa tauhidi ba.

Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1274, ya kawo amsar da Katolika ke riƙe da ita: waliyyai suna ganin Allah, kuma a cikin wannan gani Allah yana nuna musu abin da ya shafe su, har da roƙon da ake aika musu. Amsa ce mai tsari, tana kuma kauce wa babban haɗari, domin in ba haka ba sai ka ba ɗan Adam ikon jin miliyoyin mutane a lokaci ɗaya, cikin harsuna dabam-dabam, har da wanda bai buɗe baki ba. Sulemanu kuwa, a addu'ar keɓe Haikali, ya ce Allah ne kaɗai ya san zukatan 'yan Adam. Matsalar amsar Akwinas ɗaya ce: babu ayar da ta faɗe ta. John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotestan, ya yi tambayar da gatse a littafinsa na koyarwar addini, ya ce wa ya bayyana mana cewa kunnuwansu sun yi tsawon da za su jiyo muryoyinmu? Kuma in aka bi bayanin Akwinas a hankali, sai a ga wani zagaye mai ban mamaki. Ka yi wa waliyyi magana, Allah ya ji, ya sanar da waliyyin, waliyyin ya juyo ya roƙi Allah. Wanda ka zagaye shi ne ya fara ji.

Ga kuma shirun Sabon Alkawari, wanda ni ya fi kowace aya yi mini nauyi. An jejjefe Istifanas a Ayyukan Manzanni sura 7, an sare Yakubu ɗan'uwan Yohanna a sura 12. Wato ikilisiya tana da shahidai tun kafin Bulus ya rubuta wasiƙunsa. Ya roƙi mutanen Roma, da Afisa, da Kolosi, da Tasalonika su yi masa addu'a, bai taɓa cewa a nemi Istifanas ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta jero jaruman bangaskiya sura guda cur, ta kira su taron shaidu da suka kewaye mu, sannan a daidai inda za ka zaci za ta ce a kira su, sai ta ce a zuba wa Yesu ido. Almajirai sun ce a koya musu addu'a, aka koya musu "Ubanmu wanda ke cikin sama". Sau biyu Yohanna ya faɗi a gaban mala'ika a Ru'ya, sau biyu aka tsawata masa. Wuri guda da wani ya kai kuka ga waliyyin da ya mutu shi ne misalin mai arziki da Li'azaru, inda mai arzikin ya roƙi Ibrahim abu biyu, bai samu ko ɗaya ba. Dattawan nan masu tasoshin turare ma, an ce suna riƙe da addu'o'in, ba a ce su aka aika wa ba.

Katolika zai ce shiru ba hani ba ne, kuma shi bai taɓa yarda cewa Nassi kaɗai ne ma'auni ba, akwai al'adar da ikilisiya ta gada. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna rigimar roƙon waliyyai 'yar wata babbar rigima ce a kan wa ke da ikon faɗin abin da ya halatta. Amma in aka karanta takardun ɓangarorin biyu, tazarar ba ta kai yadda masu ihu ke nunawa ba. Shaidar bangaskiya ta Augsburg, wadda mabiya Luther suka gabatar a 1530, ta ce a riƙa tunawa da waliyyai don a yi koyi da su. Bayanin da Philip Melanchthon, abokin aikin Luther, ya biyo da shi a 1531 ya ma yarda cewa waliyyai a sama suna yi wa ikilisiya addu'a a dunƙule. Abin da ya ƙi shi ne a kira su, domin addu'a tana tsayawa ne a kan alkawari, kuma babu inda aka yi alkawarin za su ji. Majalisar Trent ta Katolika kuma, a Disambar 1563, cewa ta yi roƙon waliyyai abu ne mai kyau da amfani. Ba ta ce wajibi ne a kan kowane mutum ba. A zaman ma ta umarci a kawar da camfi da neman ƙazamar riba daga harkar, wanda ke nuna mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Malaman Katolika da na Lutheran a Amurka sun shafe shekaru suna tattauna wannan batu, suka kammala a 1990 ba tare da sun daidaita a kan kiran waliyyai ba, amma sun yarda a kan matsakanci ɗaya.

Yoyon kuwa ba ƙarami ba ne. Erasmus, masanin zamanin Luther wanda ya rayu ya mutu yana Katolika, ya rubuta wata hira a 1523 a kan jirgin ruwa da ke nutsewa. Kowa a cikin jirgin yana kiran nasa waliyyin yana zuba alkawari. Wani ya yi wa Waliyyi Kiristofa alkawarin ƙaton kyandir, na kusa da shi ya zungure shi ya ce ko ka sayar da duk abin da ka mallaka ba za ka iya biya ba, sai ya raɗa masa cewa ya yi shiru, in dai ya taka tudu ko ɗan ƙarami ba zai bayar ba. Mai ba da labarin kuwa ya ce shi kai tsaye ya nufi Uba, domin sama tana da faɗi, kafin Bitrus ya taso daga bakin ƙofa ya isa gaban Allah ya yi bayani, ruwa ya ci shi. A Wittenberg, sarkin da ya ba Luther kariya, Frederick, ya tara abubuwan da ake dangantawa da waliyyai sama da 19,000 zuwa 1520, ana baje kolinsu ranar Dukan Waliyyai, 1 ga Nuwamba. A jajibirin wannan rana ne Luther ya fitar da batutuwansa 95 na sukar cinikin takardun gafara a 1517. Kuma abin bai zama tarihi ba. A Amurka har yau ana sayar da 'yan gumakan Waliyyi Yusufu don mai son sayar da gida ya binne shi a farfajiya, kai a ƙasa. Babu katikisim ɗin da ya koyar da haka, amma littafi daban, abin da mutum ke yi in ya matsu daban.

Hausa tana da sunan abin da ke ƙarƙashin duk wannan: kamun ƙafa. Ka tambayi kanka me ke sa mutum kamun ƙafa. Ko dai mai abin yana da nisa, ko bai san ka ba, ko aiki ya yi masa yawa, ko yana fushi da kai kana neman wanda zai sassauto shi. A Turai ta zamanin Luther, na ƙarshen nan ne ya fi yawa. A saman ƙofofin majami'u ana sassaƙa Almasihu a zaune yana shari'a, Maryamu a gefe tana roƙo. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, in aradu ta faɗi, ba alƙalin zai kira ba. Mai uwa a gindin murhu, in ji masu magana, ba ya cin tuwonsa gaya, to ina ga wanda ya samu uwar alƙali? Amma a duba waɗannan dalilan ɗaya bayan ɗaya, wanne ne ya dace da Allahn da Yesu ya bayyana? A Yohanna 16:26-27 ya faɗi wata magana da ban cika jin ana kawo ta a wannan gardama ba. Ya ce za su yi roƙo da sunansa, kuma ba ya cewa shi zai roƙi Uba dominsu, gama Uban da kansa yana ƙaunarsu. Ko shi kansa bai yarda a ɗauke shi a matsayin mai lallashin Uban da ba ya so ba. Ibraniyawa 4:16 ta ce a matso kursiyin alheri gabagaɗi. Mutumin da aka buɗe wa ƙofa aka ce shigo, in ya koma yana neman wanda zai yi masa iso, akwai abin da bai yarda da shi ba game da mai gidan.

A nan na tsaya, kuma ba na ɓoyewa: addu'ar Kirista ga Allah take, ta wurin Almasihu, domin nan kaɗai aka yi umarni aka kuma yi alkawarin amsa. Amma ba zan kira mai cewa "Waliyyi Bitrus, ka yi mana addu'a" mai bautar gunki ba, muddin abin da yake nufi shi ne abin da kalmomin suka ce. Abin da zan tambaye shi shi ne me ya sa ya fi jin sauƙin zuwa can. In amsarsa ita ce yana jin kansa cikin babban iyali, na sama da na ƙasa, kuma yana gayyatarsu su taya shi, to saɓaninmu a kan ko suna ji ne kawai. In kuwa amsar ita ce Maryamu ta fi saurin tausayi, ko waliyyi kaza ya fi iya harkar abin da ya ɓata, to an riga an tsallake iyakar da Nikiya ta shata, ko da bakinsa bai furta kalmar sujada ba.

Laifi kuwa tudu ne. Da yawa daga masu yi wa Katolika dariya sun sauke waliyyan da suka mutu ne suka ɗora masu rai. Mutumin da ba ya yarda addu'arsa ta hau sai "bawan Allah" ya ɗora masa hannu, mai ajiye kwalbar mai da hankicin da annabi ya taɓa, mai liƙa hoton fasto a mota don tsari, mai biyan kuɗi kafin a gan shi a keɓe, da wane baki zai zagi mai kyandir a gaban hoton Waliyyi Antoni? Kamun ƙafar ɗaya ce. Har gara ma na wancan, tunda Antoni na Padua ya rasu tun 1231, ba ya karɓar ko sisi, ba kuma za a wayi gari a ji ya yi abin kunya ba. Akwai kuma asarar da Furotestan suka yi garin gyara. Augsburg ta ce a tuna da waliyyai, amma jikokinta da yawa ba su san Polikap ba, ba su san Monika ba, kamar dai bangaskiya ta yi tsalle ne daga manzanni ta dira a kan wanda ya kafa cocinsu.

Luther kansa bai rabu da abin dare ɗaya ba. A 1521, shekara huɗu bayan batutuwan nan 95, ya rubuta sharhi a kan waƙar Maryamu da ke Luka sura 1, ya buɗe shi da fatan uwar Ubangiji ta samo masa hikima, ya rufe shi da ambaton roƙonta. Abin da aka sha a nono ba ya fita da muhawara guda.

Shi ya sa nake ganin wurin da wannan gardama ta fi wuya ba ajin tauhidi ba ne, bakin gadon asibiti ne. A ce tsohuwa ce ke jinyar ajali, carbin rozari a hannunta, leɓɓanta suna motsi da addu'ar gaisuwar Maryamu. Rabin farko na addu'ar daga Luka 1:28 da 1:42 aka ɗauko shi, rabin ƙarshe, mai cewa ta roƙa wa masu zunubi yanzu da kuma lokacin mutuwa, daga baya aka ƙara, aka tabbatar da shi a littafin addu'a na 1568. Ɗanta, wanda ya bar Katolika shekaru da suka wuce, yana tsaye yana jin kamar ya zare carbin, yana tsoron kada uwarsa ta cika da sunan wani a bakinta. Da ni zai tambaya, sai in ce masa, ɗan'uwa, bar mata carbinta. Kowane goma na wannan carbi da "Ubanmu" yake farawa, ta kuma fi ka yawan faɗinsa. Ja kujera ka zauna, ka kama ɗaya hannun, ka fara daga nan, za ta amsa.